Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Gombe Kan Kufan Burmi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya.



Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kufai da ke Ƙaramar Hukumar Funakaye, ba nisa da Bajoga, wato Burmi, wadda takardun gwamnati kan rubuta Mbormi. A nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya yake. A nan ɗaruruwan mutanen da suka faɗi tare da shi ranar 27 ga Yulin 1903 suke kwance, kuma a wannan yankin aka binne Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci rundunar da ta ci garin. Da wuya a lissafa wuraren tarihi na Jihar Gombe ba a ambaci Burmi ba, kuma da zarar an taso da zancen raya irin waɗannan wurare, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne katafaren gini, ƙofa mai ƙyalli da masaukin baƙi. Roƙona ya sha bamban da wannan. Ina roƙon a fara da tsare filin da ƙarfin doka, a rubuta duk abin da ke cikinsa tun ba a taɓa ko da tubali ɗaya ba, sannan a damƙa kulawarsa ga mutanen da ke zaune a gefensa, da ɗan kuɗin da zai riƙa fita kowace shekara ba fashi. Gini, in ma za a yi shi, ya zo a ƙarshe, kuma ya zama ƙarami.

Ɗan Gombe bai buƙaci a ba shi labarin ba, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari a faɗe shi. Attahiru ya hau gadon sarauta a watan Oktoban 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, bayan gwabzawar filin Giginya, kuma kafin mako ya zagayo Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Na farkon ya fuskanci gabas da niyyar hijira, jama'a kuwa suka yi ta barin gidajensu da gonakinsu suna bin sa, har abin ya firgita Turawa fiye da yadda yaƙin Sakkwato ya firgita su, domin ƙasar da mutanenta suka watse ba wanda za a karɓi haraji a hannunsa. Manyan mutane irin su Etsu Nupe Abubakar, Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa sun shiga wannan ayari. Burmi a lokacin gari ne mai ganuwa, sansanin mabiya Malam Jibril Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai shi Lokoja. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya kai wa garin farmaki, aka kore shi, ya ja da baya da tarin masu rauni. Sai a ƙarshen Yuli aka dawo da runduna mai yawa, da igwa da bindiga mai jigida, aka wuni ana fafatawa. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh. A ƙidayar Turawan da kansu, mutum fiye da 600 suka mutu a ɓangaren masu kare garin, Sarkin Musulmi na cikinsu, aka kuma cinna wa garin wuta. Waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka yada zango a Sudan, kusa da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunan Mai Wurno.

Wannan ya nuna cewa abin tarihi a Burmi shi ne filin kansa: inda ganuwa ta bi, inda ƙofofi suke, inda aka yi artabu, inda gawawwaki suke. Kabarin Sarkin Musulmi wani ɗan yanki ne na wannan fili. In aka kewaye kabari ɗaya aka ƙawata shi, aka bar sauran ga garma da masu ɗibar ƙasa, to an adana sunan mutum ɗaya an zubar da na sauran, alhali manoma da almajirai da mata da bayin da suka zaɓi su mutu a wurin su ne suka sa Burmi ta zama Burmi. Ganuwar ƙasa kuwa ba a rushe ta rana ɗaya. Damina tana zaftare kaɗan, manomi yana matsa kunya ɗaya kowace shekara, mai neman ƙasar gini yana cika amalanke, wata rana a wayi gari ba a iya nuna inda ta bi. Ba sai an je nesa neman shaida ba. Ganuwar Kano tana cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta ayyana na ƙasa, tana kuma cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 don neman shiga gadon duniya, amma duk wanda ya zagaya birnin ya san yadda gidaje da shaguna da kududdufai suka cinye mafi yawanta. Takarda daga Abuja ba ta tare ta ba, saboda mai ikon raba fili ba a Abuja yake ba.

Abin da ya sa wasiƙar nan ta nufo ofishinka ke nan, ranka ya daɗe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana ga jama'a, ta kuma ba shi ikon karɓar fili don maslahar al'umma tare da biyan diyya. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 77 ta 1979, tana iya ba da shawarar ƙwararru, tana iya sa wuri a jerin ƙasa, amma ba ita ke riƙe da taswirar filayen Funakaye ba. Gwamnatinka ce ta kafa hukumar GOGIS domin auna filaye da adana bayanansu a kwamfuta. Aikin da ake nema a wurinta a Burmi bai wuce wanda take yi a unguwannin Gombe ba: a auna, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da takardar mallaka da sunan jiha, a buga a jaridar gwamnati. Sai dai a yi hattara da abu guda. Duk manomin da gonarsa ta faɗa cikin iyakar a biya shi haƙƙinsa cikakke, a kan lokaci, a gaban dagaci da mai unguwa. Wanda aka ƙwace wa gonar gado da sunan tarihi zai tashi da ƙiyayyar wurin, ya gadar wa 'ya'yansa ita, kuma babu katangar da za ta tare maƙwabcin da ya ƙi wuri. Ba dole ma a hana amfani da filin gaba ɗaya ba. Inda binciken masana ya nuna ba kaburbura, ana iya barin kiwo ko noman fartanya, a hana tarakta da haƙa da gini.

Haɗari na biyu ya fi na farko saurin ɓarna, kuma daga masu kyakkyawar niyya yake zuwa. A ƙasar nan, in aka ce za a gyara wurin tarihi, ma'anarsa a ba da kwangila. Ɗan kwangila kuwa ana biyansa ne gwargwadon buhunan siminti da rodi da tayil ɗin da ya zuba, don haka ba shi da riba a barin tsohon abu yadda yake. Katafila za ta shigo ta daidaita fili, ta tafi da tudun da ke nuna gindin ganuwa, da tsingaro da kan kibiya da kwanson harsashi da ke cikin ƙasa, a cikin wuni guda. Sai a shafe abin da ya saura da siminti. Duk maginin gargajiya ya san abin da ke biyo baya. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindi ya fitar da shi ta jiki. In aka rufe jikin da siminti, danshin ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe ta ruɓe daga ciki, fatar simintin tana nan sumul a ido har ranar da za ta ɓaɓɓako da rabin bangon. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. A Kano an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina wata a madadinta. Sabuwar tana da suna iri ɗaya da tsohuwar, amma ba wani masani da zai iya karanta komai na ƙarnonin baya a jikinta. Tunda kamfanin siminti na Ashaka yana maƙwabtaka da Burmi, akwai yiwuwar ranar da aka nemi gudummawarsa abin da zai fi masa sauƙin bayarwa shi ne siminti. Gara a roƙe shi ya ɗauki nauyin awo, ko albashin masu gadi, ko motar kai ɗalibai.

Turawan Ingila, waɗanda kakanninsu suka ƙone Burmi, sun sha wannan darasi a gida. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan kowane ƙauye a ƙasarsu ya kafa dutsen tunawa da samarinsa da suka mutu, da kuɗin karo-karo, ba da kuɗin gwamnati ba. An ƙiyasta irin waɗannan alamomi sun kai 100,000 a faɗin Birtaniya. Da kwamitocin da suka gina su suka watse, sai aka rasa mai alhakin kulawa, har majalisarsu ta yi doka a 1923 da ta halatta wa ƙananan hukumomi kashe kuɗi wajen gyara su. Duk da haka, da yawa daga ɓarnar da ƙwararrunsu ke fama da ita yau masu gyara ne suka yi ta: an wanke dutse da ruwa mai ƙarfin feshi har sunayen da aka sassaƙa suka shafe, an cike tsaga da simintin da ya fi dutsen tauri har dutsen ya riƙa farfashewa a gefensa. Shi ya sa ƙungiyar War Memorials Trust, wadda aka kafa a 1997, take nanata wa masu neman tallafinta cewa a fara da duba lafiyar abin da rubuta halinsa, a taɓa iya abin da ya zama dole, a gyara da irin kayan da aka gina da shi tun asali. Ƙa'idar da masana suka amince da ita a taron birnin Benis a 1964 ta ƙara da cewa duk abin da aka sabunta ya zama ana iya bambance shi da na asali, don kada a yaudari na baya. Ba don Turawa ne suka faɗa ya zama gaskiya ba. Sun ɓata da yawa kafin su gane, mu kuma Burmi ɗaya muke da ita.

Misalin da ya fi kusa da mu yana yammacinmu da arewacinmu. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, ginin ƙasa ne, kuma yana tsaye ne saboda kowace shekara mutanen gari suna fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da irin wannan kulawar take rayuwa. A Tumbutu, bayan masu ɗauke da makamai sun rushe hubbarorin malamai a 2012, magina 'yan garin ne suka sake ɗaga su da kayan gargajiya, aka kammala a 2015. A ƙasar Hausa ma ilimin bai mutu ba tukuna: akwai masu iya tubali da yaɓe, masu haɗa makuba, masu sanin inda za a kafa indararo don kada ruwa ya ci gindin bango. Abin da duk waɗannan wurare suka haɗu a kai shi ne aikin ba ya ƙarewa, kuma masu yin sa suna kwana kusa da shi. Burmi tana buƙatar kwamiti ƙarami ƙarƙashin Masarautar Funakaye, da dagaci da limami da malamin makaranta da wakilin manoma a ciki, da masu gadi biyu ko uku 'yan yankin masu albashi. Kafin damina a share magudanai, bayan kaka a yi sharar gobara a kewaye, a duba duwatsun iyaka, a ɗauki hoto daga wurare iri ɗaya kowace shekara don a ga abin da ya canza. Shirin dashen itatuwa na 3G da gwamnatinka ta ƙaddamar yana da gurbi a nan, in dai za a dasa a bakin iyaka ya zama shinge, nesa da kaburbura da gindin ganuwa, domin saiwar itace ma tana rushe gini.

Akwai kuma gyaran da ba na ƙasa da dutse ba, kuma shi ne lokaci ya fi ƙurewa a kansa. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a gaban majalisa. Mun ji haushi, kuma muna da gaskiya. To amma mu, sunaye nawa muka rubuta daga cikin mutanen Burmi? Waɗanda suka ga yaƙin sun tafi, 'ya'yansu sun tafi, jikokin da suka ji labari daga bakin kakanni su ne tsofaffin yau, a Bajoga da Ashaka da Nafada, a Sakkwato da Misau da Bida, da can Mai Wurno. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere suna da malaman tarihi da ɗalibai masu neman abin bincike. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kufai, wanda zai iya zana taswirar garin daga abin da ke bisa ƙasa, ba tare da tona kabarin kowa ba. Rahotannin Turawa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tallafin shekara ɗaya ko biyu ya isa a tattara sunaye da waƙoƙi da riwayoyi. Allon da aka rubuta sunayen da aka samo a kai, da Hausa da Fulatanci da ajami, zai fi kowace hasumiya daraja.

Na san akwai malaman da za su ɗaga gira, kuma damuwarsu tana da tushe. Za su ce gini a kan kabari haramun ne, kuma kai mutane wurin kabarin babban mutum ƙofa ce ta neman tabarraki da roƙon matattu. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa, ba mai musun wannan. Sai dai hadisin nan guda shi ne ya hana zama a kan kabari, kuma an ruwaito cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana raye. In zama a kan kabari bai halatta ba, ina ga bin sa da garma? An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a kabarin Usmanu bin Maz'un don ya zama alama. Duk alhajin Gombe da ya ziyarci Uhudu ya ga yadda hukumomin Saudiyya, waɗanda ba wanda ya kai su tsanani a wannan babi, suka kewaye maƙabartar shahidai da katanga, ba ƙubba, ba ado, amma ba mai taka ta. Abin da nake nema a Burmi bai wuce wannan ba. Hasali ma, mai neman katafaren gini da tayil da fitilu shi ne zai yi karo da malamai. Tsarin iyaka, shinge, alama da rubutu ya fi kusa da abin da za su yarda da shi, ko suna ɗariƙa ko suna Izala. Kyautuwa ya yi a zaunar da su tun farko, a nuna musu zanen aikin kafin a fara.

Wasu za su ce jihar da ke da yara a waje da makaranta da asibitoci masu neman magani ba ta da rarar da za ta kashe a kufai. Da katafaren gini ake magana, da na bi bayansu. Amma awo, diyya, shinge, allo da albashin masu gadi da wuya su kai kuɗin shimfiɗa kilomita ɗaya na kwalta, kuma mafi yawansu sau ɗaya za a biya. Ba zan yi maka alkawarin cewa 'yan yawon buɗe ido za su yi tururuwa su mayar da kuɗin ba. Wannan zance ne da ake yawan yi don a samu sa hannu a kan kwangila, kuma filin yaƙi a karkara ba kasuwa ba ne. Ribar da ke tabbas ita ce ta makaranta. An ɗauki shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun ƙasar nan kafin a dawo da shi, kuma yaron Bajoga ko Dukku da aka tsayar a bakin ganuwar Burmi aka nuna masa ta inda runduna ta ɓullo zai riƙe abin fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. Kowace ranar 15 ga Janairu gwamnoni suna ajiye furanni don tunawa da sojojin da suka kwanta dama, ana kashe kuɗi a kan faretin, ba wanda ya ce almubazzaranci ne.

Maganar kabarin Marsh ta fi ɗaci. Akwai mai cewa don me za a kashe ko sisin kwabo a kan kabarin wanda ya zo kashe mu. Amsata ita ce kabarinsa hujjarmu ce. Shi ne shaidar da ba ta musantuwa cewa mutanen da ke riƙe da baka da mashi da 'yan bindigogin toka sun tsaya har kwamandan rundunar da ta zo da igwa ya faɗi. Hukumar kaburburan da na ambata yaƙe-yaƙen duniya biyu kaɗai ta sani, don haka in mu ba mu kula da shi ba, ba mai yi. Allon bayanin wurin kuma ya faɗi gaskiya duka, har wadda ba ta da daɗi. Sojojin da suka harba bindigogin nan akasarinsu baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu, Turawan tsiraru ne a kansu. Burmi ta Malam Jibril Gaini ta shafe shekaru tana yaƙi da Masarautar Gombe kafin zuwan Turawa, kuma akwai gidajen da har yau suke tuna wannan. Haka nan ba duk mutanen kirki ne suka bi Attahiru ba: Waziri Buhari ya zauna a Sakkwato ya yi sulhu don kada jama'a su rasa jagora, ya kuma rubuta hujjojinsa ga malaman zamaninsa. Wanda ya tafi da wanda ya zauna kowa yana da dalilin da ya dogara da shi a shari'a. In allon ya zama kirari zalla, ɗalibi mai wayo zai gane an ɓoye masa wani abu, ya daina yarda da sauran.

Wani zai yi raɗa cewa a yankin da ya ɗanɗani Boko Haram, inda aka kai hari Ashaka da Bajoga a ƙarshen 2014, tayar da zancen hijira da Mahadi da yaƙi da Nasara wasa da wuta ne. Ina ganin akasin haka. Labarin Burmi yana nan a bakin mutane ko gwamnati ta yi magana ko ta yi shiru, kuma in masana da malamai suka bar shi, mai wa'azin ɓata ne zai ɗauka ya ba shi fassarar da ya ga dama. Attahiru shugaba ne da jama'arsa suka yi wa mubaya'a, aka zo aka ci ƙasarsa da yaƙi, ya bi sawun hijirar da Shehu Usmanu ya yi zuwa Gudu a 1804, mutane suka bi shi da ƙafafunsu. Ba shi da haɗi da masu tayar da bam a masallaci da tasha. Wannan bambanci a bakin malamin tarihi, a tsaye a wurin da abin ya faru, ya fi saurin shiga kunnen saurayi.

Saura masu cewa wannan nauyin Sakkwato ne, tunda Sarkin Musulmi ne ke kwance a wurin, ko na tarayya, tunda tarihin ƙasa ne. Lallai a gayyaci Fadar Sarkin Musulmi, a nemi shawarar hukumar tarayya, a aika wa zuriyar Mai Wurno a Sudan, ko da yaƙin da ƙasarsu ke ciki tun 2023 zai sa zuwansu ya yi wuya. Amma wurin da kowa ke da rabo a cikinsa shi ne wanda kowa ke jiran wani ya fara, kuma a cikin duk waɗannan kai kaɗai ne doka ta ba ikon sa hannu a kan fili. Wa'adinka zai cika a watan Mayun 2027, a watan Yulin 2028 kuma yaƙin Burmi zai cika shekara 125. Umarnin baki yana tafiya da mai shi, don haka abin da zai ɗore shi ne doka daga Majalisar Dokokin Jiha, wadda za ta fayyace iyakar filin, ta kafa kwamitin, ta ware masa kaso a kasafin kowace shekara, ta kuma haramta shiga da katafila ko yin wani gini sai da rubutaccen izinin masana.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ka tura ma'aunan GOGIS Burmi tun kafin damina mai zuwa, ka dakatar da duk wata kwangilar gini a wurin har sai rahoton masana ya iso teburinka, ka kuma aika wa majalisa da ƙudurin dokar tun kana kan kujera. Allah ya yi maka jagora, ya jiƙan waɗanda ke kwance a Burmi.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai bibiyar tarihin Arewa.